Murya Biyu a Kwamfutar Lukman

Goronyo, ranar Laraba

Yaya Mode,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Asta da yara. Mu nan lafiya za a ce. Zazzaɓin damina ya kama ni ya sake ni. Ta'aziyyarka ta iso ta bakin Sa'adu direba, Allah ya ba da lada. Kada rashin zuwa ya dame ka, mu ma da muke nan ba ma son hanyar.

Rabona da rubuta wasiƙa tun ina sakandare. Amma tun da aka yanke sabis wayata ta koma tocila, ga shi ina cikin takaba, ba fita. Kakarka da kakana ciki ɗaya suka fito, don haka ko da nisa kai taubashina ne, dole ka jure mummunan rubutuna.

Ban san yadda aka ba ka labarin ba. Maigidana Lukman da ƙanensa Zulkifilu suna dawowa daga gonar Shinaka a kan babur aka tare su. An samu Lukman, an yi masa sutura. Zulkifilu ba a gan shi ba, ba gawa, ba labari, ba wanda ya aiko da magana. Inna Kulu, mahaifiyarsu, ta amshi gaisuwar Lukman. Duk wanda ya haɗa da sunan Zulkifilu kuwa, sai ta zuba masa ido har ya yi shiru. Ni ban yi kuka sosai ba. Ina jira ya zo, bai zo ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. An rufe shagon Lukman, an kawo kwamfutar gida da solarta da batir, wadda kai ka haɗa masa lokacin da ya koyi aiki a wurinka. A cikinta akwai tilawar da ya taɓa ɗauka da muryarsa. Wata rana na kunna, Inna ta jiyo daga ɗakinta, ta zo ta zauna a bakin ƙofa. Tun rasuwar ba ta cin abin kirki, amma ranar da aka gama ta sha fura. Yanzu haka muke kullum da hantsi. In ta saurara ta ci, in ba ta saurara ba kwano ya koma yadda ya zo.

Matsalar ita ce wannan. A layin ƙasa na allon akwai ƙananan alamomi a jere, ɗaya mai kama da walƙiya, ita ce ta tsohuwar manhajar sauti da yake so. In na danna ta, manhajar ba ta buɗewa guda, biyu take fitowa, ɗaya a kan ɗaya, kuma duka biyun su kama karatun. Sai ka ji Lukman biyu, na biyun yana biye da na farkon, ya makara da kamar kalma guda. Matar liman ta ji, ta ce bai kamata a bar karatu yana hawa kan karatu ba. Ni kuma tsorona kada abin ya lalace gaba ɗaya. Ba ni da muryar a ko'ina, wayarsa ta tafi tare da babur.

Mi zan yi? Ka ba Sa'adu amsa in ya biyo da tafarnuwa.

Ƙanwarka,
Khairiyya

Wurno, ranar Asabar

Khairiyya,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah da jin kin warware. Asta na gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci ke ma, ba Inna kaɗai ba. Mu lafiya, sai ƙaramar da ke fama da haƙori. Shinkafar fadama ta yi kyau bana, in tsuntsu ya bar mana. Allah ya jiƙan Lukman, ya bayyana Zulkifilu.

Rubutunki ba shi da laifi, ya fi na likita.

Ki kwantar da hankalinki, wannan ba lalacewa ba ce. Na san yadda Lukman ya koya miki, don ni na koya masa: a danna sau biyu da sauri. Wannan na alamomin tsakiyar allo ne. Na layin ƙasa sau ɗaya ake danna su. In kin danna biyu, kwamfutar ta ɗauka aike biyu kika yi mata, sai ta buɗe biyu. Sababbin manhajoji suna da wayon ganewa cewa ɗaya ta riga ta buɗe. Wannan tsohuwa ce, ba ta da shi. Na sha gaya wa marigayin ya rabu da ita, ya ce shi da ita ya saba. Jinkirin da kike ji kuwa, injin ne ya tsufa, kafin ya ɗaga ta biyu ta farko ta yi gaba.

To ki danna sau ɗaya, ki ɗauke yatsanki, ki jira. In abin bai daina ba, ki cire alamar daga layin, ki riƙa buɗewa ta wani wurin da zan kwatanta miki.

Ki gaishe da Inna, ki ce mata muna addu'a.

Yayanki,
Mode

Goronyo, ranar Alhamis

Yaya Mode,

Assalamu alaikum. Ina fatan haƙorin ya fito, kowa ya samu barci. Mu muna nan. An fara yankan gero, amma namu na Shinaka yana tsaye, ba mai zuwa.

Na danna sau ɗaya kamar yadda ka ce. Na ɗauke yatsa, har hannun na ɓoye a bayana. Biyu suka fito. Na sake gwadawa da yatsa daban, biyu. Ko dai kwamfutar ta fi malaminta taurin kai, ko malamin ya manta karatu.

Maganar cirewa kuwa, ban yi ba, kuma ba zan yi ba. Na karanta layin nan naka ya fi a ƙirga. Ka ce in cire alamar, alhali a cikinta muryar take. In na cire ta ina zan same shi? Kai kana Wurno kana rubuta “cire” kamar ƙaya ce a ƙafa. Na ji haushinka ranar, kuma shi ne abu na farko da na ji sosai tun da aka yi rasuwar, don haka ma na gode.

Yanzu wani abu ya ƙaru. Shekaranjiya ana tsakiyar karatu sai ta tsaya cak, muryoyin suka maƙale a kan harafi ɗaya suna maimaitawa, sannan allon ya yi shuɗi. Daga cikinta ina jin wata ƙara, ƙas ƙas. Inna ta zauna tana kallon sifika, can ta tashi ta koma ɗaki. Ranar ko ruwa sai da na yi da gaske. Jiya kwamfutar ta yi lafiya har ƙarshe. Yau ta sake tsayawa.

Ka gaya mini gaskiya, mutuwa za ta yi?

Khairiyya

Wurno, ranar Litinin

Khairiyya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, haƙori ya fito. A tsaye nake rubutun nan a tasha, Sa'adu na jirana.

Ki yafe ni, ban yi bayani da kyau ba. Muryar ba a cikin alamar take ba. Alamar hanya ce kawai, muryar tana can ciki a ajiye, ko an cire alamar ba abin da zai same ta. Biyun da ke fitowa har yanzu, maus ɗin da kike dannawa da shi ne ya gaji, kina danna ɗaya yana aika biyu.

Amma ƙarar nan da kika ce ba ta yi mini daɗi ba. Faifan ajiyar ne ke shirin tafiya, in ya tafi kuwa da muryar zai tafi. Kada ki sake kunnawa. Ki naɗe akwatin kwamfutar da bargo ki ba Sa'adu, allon da sifika ki bar su. Ina da aiki a Rabah, a wata makaranta mai sola, can zan tafi da ita don nan wuta sai a hankali. Ki lallaɓa Inna na ɗan lokaci.

Mode

Goronyo, ranar Juma'a

Yaya Mode,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya, kuma akwatin ya iso ba abin da ya fashe. Ni lafiya. Inna ce dai sai a hankali, kunu take kurɓa kaɗan ta ture.

Ka karanta wannan kafin ka taɓa komai.

Tun da Sa'adu ya tafi da ita, Inna ba ta fasa zuwa bakin ƙofata da hantsi ba. Takan zauna ta kalli allon da ba komai, ta tashi. Jiya sai ta yi magana. Zan rubuta maka yadda ta faɗa.

Ta ce, “Yaushe za a maido min su?”

Na ce, “Su wa, Inna?”

Ta ce, “Yaran. Babban da ƙaramin.”

Ta dube ni ta ce, “Ke duk zaman ga da muka yi ba ki ji ba? Lukman na gaba, Zulkifilu na bi nai. Haka sunka tashi. Tun suna ƙanana in sunka zamna tilawa bakin zaure, ƙaramin bai taɓa cim ma wansa ba, kullum shina baya da kalma guda. Ubansu ya yi hwaɗa har yag gaji.”

Na ce mata, Inna, muryar Lukman ce duka biyun, injin ne ke buɗewa sau biyu. Ban san mi ya sa na faɗa ba. Ina jin don ka yi mini bayani ne, ni ma na ga sai na yi wa wani.

Ta ce, “Na san inji na, ban zautu ba. Amma na san muryar ɗiyana. In dai ina jin shi bayan wansa, ba ni amsar gaisuwa tai.”

Ta tashi ta tafi. Na zauna a wurin har aka kira azahar.

Yaya, ni duk kwanakin nan Lukman nake saurare, na biyun hayaniya ce a kunnena. Ashe ita na biyun take zuwa ji. Lukman ta ga inda aka sa shi, ta haƙura. Wancan ne ba ta da komai nasa, ko hoto mai kyau babu, shi ba mai son waya ba ne, noma da kiwo kawai ya sani.

Don Allah ka ceto muryar daga faifan, amma ka bar sauran yadda yake. Ka bar tsohuwar manhajar, ka bar alamar, ka bar maus ɗin da gajiyarsa. Biyun nan kada ka raba su. Matar liman ni zan san abin da zan gaya mata.

Sa'adu ya ce Wurno kawai zai tsaya, zai ba Asta ta aika maka.

Khairiyya

Rabah, ranar Talata

Khairiyya,

Assalamu alaikum. Ina fatan ke da Inna kuna lafiya. Ni lafiya lau, sai sauro, na Rabah ba ya jin magani. Ban leƙa gida ba tun da na zo, aikin makarantar ya fi yadda aka gaya mini, har garin Gandi suka ja ni in duba musu wata firinta. Ban ji daga gare ki ba, na ɗauka shiru lafiya ce.

Albishirinki. Muryar ta tsira. Da kin ƙara kwana biyu kina kunnawa da wani zancen ake yi, don da ƙyar faifan ya bari na kwashe ta, ina gamawa ya mutu a hannuna. Na sa wani faifan mai sauri da nake ajiye da shi, na zuba komai sabo. Yanzu kina kunnawa take tashi.

Tsohuwar manhajar ta tafi tare da tsohon faifan, ban ma yi wahalar ceto ta ba. Na sa sabuwa, na kafa miki alamarta a layin ƙasa inda waccan take, na ɗaure ta da tilawar kai tsaye. Wannan ko sau goma kika danna guda za ta buɗe. Na gwada da kaina, na yi ta dannawa kamar mai jin haushi, ba ta kula ni ba. Maus ma na sa sabo, tsohon na jefar. Na kuma ajiye muryar a filash biyu, ɗaya na cikin bargon, ɗaya na wurina.

Da na gama na zauna na saurara har ƙarshe, ni kaɗai a ofishin. Ban san Lukman yana da murya haka ba. Da yana wurina yaro ne mai surutu, ban taɓa jin karatunsa ba. Na tace ƙarar iska da ke ciki, yanzu har numfashinsa ana ji tsakanin aya da aya. Inna za ta ji daɗi.

Na samu mai mota da zai bi ta tashar Wurno, zai miƙa wa Sa'adu. Kada ki yi maganar ko sisi. Ki dai yarda malamin bai manta karatu ba.

Yayanki,
Mode

Wurno, ranar Asabar

Khairiyya,

Assalamu alaikum. Yau na dawo gida. Asta ta miƙo mini wasiƙarki, tana nan tun wancan makon, ba ta samu mai zuwa Rabah ba, kuma ba ta ɗauka da gaggawa ba. Ba laifinta ba ne.

Na karanta.

In akwatin ya iso kada ki kunna wa Inna. Ki ce batir ne, ki ce komai. Ina da muryar a filash, zan iya ɗora ta a kan kanta, in ja ta biyu baya da kalma guda, in haɗa su su zama abu ɗaya. Aikin yini ne. Sai dai ban taɓa jin yadda take yi a can ba, ki kwatanta mini tazarar. Yana shigowa ne kafin na farko ya gama kalmar, ko bayan ya gama? Ki tuna da kyau.

Na je tasha an ce Sa'adu ya wuce tun shekaranjiya. Wannan zan ba duk wanda na samu.

Mode

Goronyo, ranar Laraba

Yaya Mode,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa, ina fatan ka huta gajiyar Rabah. Ka gaishe da Asta, ka ce mata kada ta sa komai a ranta. Mu lafiya. Inna ma lafiya, tana cin abinci.

Wasiƙarka ta ƙarshe ta same ni jiya. Akwatin ya riga ta.

Ranar da Sa'adu ya kawo shi na karanta takardar da ke cikin bargon, na san abin da ke ciki. Ban ji haushinka ba. Na nema ban samu ba. Abin da na roƙe ka tun farko shi ka yi.

Ni ma dabarar batir ɗin na yi. Na ce bai cika ba, washegari na ce waya ce ta kwance. Inna ba ta yi musu ba, zuwa kawai take ta zauna. A rana ta uku ta nuna ɗan koren hasken da ke jikin batir ta ce, “Wanga ba shi na alamar ya cika ba? Kunna.”

Na haɗa wayoyin ina jan lokaci. Kwamfutar ta tashi nan da nan kamar yadda ka ce. Na danna alamar sau biyu. Na ƙara. Na yi ta dannawa har yatsana ya yi zafi. Guda ta buɗe.

Muryar ta fito tas, kamar yana zaune a ɗakin. Ka yi gaskiya, ana jin numfashinsa. Duk inda ya kai ƙarshen aya ya tsaya, sai in ga Inna ta karkata kai wajen sifika tana jira. Sai shiru, sai ya ja numfashi ya ci gaba. Haka ta yi ta yi har wajen rabin surar. Daga nan ta daina karkatawa, ta miƙe zamanta, ta ɗora hannuwa a gwiwa ta saurara har ƙarshe.

Na ce mata Mode zai iya maido da na biyun, aikin yini ne. Tun kafin ka rubuto na san za ka ce haka.

Ta ce, “Shi maido wa?”

Ta ce in kawo mata tuwo. Na kawo, ta cinye, ta wanke hannu. Sannan ta ce, “A hwaɗa ma liman. A shimfiɗa tabarmi zaure. Wanda duk yaz zo gaisuwar Zulkifilu, a shigo da shi.”

An yi wa Zulkifilu salla shekaranjiya, ba gawa. Mutane na ta zuwa, har daga Shinaka waɗanda suka iya fitowa. Tana zaune tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, ba ta yi kuka ba, ni ma ban yi ba. Muna dafa abinci, muna wanke kwanoni, gari na wayewa.

Don haka kada ka wahalar da kanka da haɗa muryoyin. Tazarar ma na zauna in tuna, na kasa. Kullum ina wurin, amma ban taɓa saurarenta ba. In hanya ta yi kyau ku zo gaisuwa kai da Asta, in ba ta yi ba addu'a ta isa.

Da na ce zan rubuto maka, Inna ta ba ni saƙo. Ta ce in yi maka godiya, aiki ya yi kyau. Ta ce tun da ta haifi Zulkifilu ba ta ƙara jin Lukman yana karatu shi kaɗai ba, sai ranar nan.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Khairiyya